Yadda Goggo Ta Shiga Kwamitin Kwata

Unguwarmu a Gyaɗi-Gyaɗi layi biyu ce. Akwai layin gaba, wanda ya fita bakin titi, a nan shaguna suke, a nan kuma gidanmu yake. Akwai layin baya da ke gangare, inda duk ruwan da ya wuce ta ƙofarmu yake zuwa ya kwana. In damina ta kankama, mu a gaba kukanmu taɓo ne da warin kwata. Su a baya kuwa katifu suke ɗorawa a kan tebur, mata su tattare zani su yi girki a tsaye.

Muna da ƙungiyar ci gaban unguwa, kuma tun ina yarinya maza shida ne kwamitinta. Shugaban wani Alhaji ne mai shaguna a bakin titi, mutum mai jiki da fara'a, wanda ko ƙofar gida zai fito sai da babbar riga. Babana shi ne sakatare, don ya yi aikin akawu har ya yi ritaya, kuma shi kaɗai ne bai taɓa gajiya da rubuta wa hukuma takardar roƙon a yi mana magudanar ruwa ba.

Shekarar da na fara koyarwa a firamaren unguwar, kafin in yi aure, sai ga amsa ta zo daga ofishin da ke Tarauni. An yarda za a yi aikin, amma an zo da sabon tsari: duk kwamitin unguwar da zai karɓi aikin gwamnati, dole cikin kowane mutum uku a sami mace ɗaya. Wato maza shidan nan sai sun nemo mata uku sun zauna da su.

Daga baya na ji yadda zamansu ya kasance a kan maganar. Alhaji ya ce wannan ba abin tayar da hankali ba ne, suna ake so, a ba da suna. Kowa ya ce haka ne. Da aka zo kan sunan wa za a ba da, sai kowa ya ce ban da iyalinsa. Ƙarshe aka bar wa sakatare ya san yadda zai yi. Babana ya yi tunani, ya zaɓo mata uku da ba sai an nemi izinin mijin kowa ba. Ta farko yayarsa, Goggo, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Ta biyu wata tsohuwar nas 'yar Filato da ke zaune a layin baya, wadda kowa ke kira Sista, ita ma mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watsu wajen aiki. Ta uku ni. Babu wadda ya gaya wa.

Goggo ta girmi Babana nesa ba kusa ba, ita ta goya shi, kuma har gobe Auta take kiransa ko a gaban surukansa ne. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take sayarwa a gidanta da ke layin gaba, da su ta je Makka ta dawo da haƙori. Kunnenta ɗaya ya yi nauyi, saboda haka ta ɗauka na kowa ma haka yake, ba ta magana a hankali.

Ina gidanta wata rana da yamma sai ga wata matashiya ta yi sallama, da jaka a kafaɗa. Goggo ta ɗauka mai ta zo saye, har ta jawo mazurari. Matashiyar ta ce daga ofis aka turo ta, ta zo ta tabbatar cewa matan da aka ce suna cikin kwamiti mutane ne masu rai, domin a wasu unguwannin an ba da sunan matattu, a wata ma an ba da sunan jaririya.

Ta ce, "Hajiya, ke ce 'yar kwamitin?"

Goggo ta dube ni, na dube ta. Ba ta san da wani kwamiti ba, amma ba za ta ƙaryata ƙaninta a gaban baƙuwa ba.

Ta ce, "Ni ce mana. Wa kike tsammani?"

Matashiyar ta juyo wajena ta tambayi sunana, ta ce to alhamdu lillahi, ta jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ashe ni ma ina ciki. Haka na ji labarin muƙamina.

Tana fita Goggo ta yafa mayafi, muka nufi gidanmu. Babana yana tsakar gida yana jin rediyo.

"Auta, an ce ka sayar wa gwamnati sunana."

"Yaya, ba sayarwa ba ce. Cika ƙa'ida ce kawai. Ba sai kin je ko'ina ba."

"Yaushe ne taron?"

"Ai shi ne nake cewa ba sai kin wahalar da..."

"Ni ce mai ciwon kunne, ba kai ba. Na ce yaushe ne taron?"

Ya ce ranar Asabar bayan la'asar. Mahaifiyata, Umma, tana bakin murhu tana jin komai, ta ci gaba da girkinta.

Ni dai murna ta ishe ni. A kwaleji an taɓa kai mu wata bita a kan 'yancin mata, na dawo da kalmomi cike da baki: daidaiton jinsi, shigar da mata cikin yanke shawara, murya ɗaya. Ban taɓa samun inda zan yi amfani da su ba. Da na je na gaya wa Sista kuwa, dariya ta yi har tana riƙe ciki. Ta ce rabin 'ya'yan unguwar nan ita ta karɓi haihuwarsu, sai yanzu aka gano tana da suna.

Kwamitin a ƙofar gidan Alhaji yake zama, a kan tabarmi ƙarƙashin dalbejiya. Ranar Asabar muka tunkaro su mu uku, Goggo a gaba da sandarta. Babana ya sunkuyar da kai yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Alhaji kuwa mutum ne mai iya karɓar baƙi. Ya miƙe ya yi mana maraba, ya ce ai an tanadar mana wuri na musamman, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a cikin soro, aka kawo lemo, aka bar ƙofa a buɗe rabi. Ya ce daga nan za mu ji komai cikin mutunci.

Ni da Sista muna ji. Goggo ce ba ta ji. Duk wanda ya yi magana a waje sai ta ɗaga murya ta ce, "Me ya ce?" Sai in maimaita mata a kunnen da ke aiki. Sai ta ba da amsa ta ce in isar. Matsalar ita ce muryarta ta riga ni isa. Da wani mai kanti cikin 'yan kwamitin ya ce shi yake share kwatar ƙofar shagonsa kullum, Goggo ta ce, "Gaya masa ƙarya yake, shi ne ma yake zuba ledoji a ciki." Na leƙa ta ƙofa na ce, "Goggo ta ce tana da ɗan gyara a kan wannan." Babu wanda bai ji asalin maganar ba, har masu wucewa a titi. Haka aka yi ta yi, magana ɗaya sai an faɗe ta sau uku, har aka kira magariba ba a gama karanta bayanin taron baya ba.

Da muka fito Sista ta tsaya gaban Alhaji cikin ladabi ta ce, "Alhaji, wannan ba zai yi ba. Ko mu fito, ko ku shigo."

Malamin Islamiyya da ke cikin kwamitin ya ce mata su zauna a bakin hanya cikin maza bai dace ba. Alhaji ya ce soron ba zai ɗauki mutum tara ba, kuma kowa ya san shi kaɗai mutum biyu ne. Sai na yi ƙarfin hali na ce me zai hana a yi a makarantarmu, tunda ranar Asabar babu yara. Aka yarda, don kowa ya gaji.

Hedimasta ya ba ni mabuɗi, amma na aji ɗaya, don manyan azuzuwa an tara kayan jarrabawa a ciki. Bencinan aji ɗaya kuwa irin waɗanda aka haɗa da tebur ne, an yi su daidai ƙugun ɗan shekara shida. Kujerar manya ɗaya ce tak, ta malama, a gaban allo. Goggo ta riga kowa zuwa, ta zauna a kanta, ta ce saboda gwiwa.

Alhaji ya shigo ya tsaya yana kallon kujerar. Ba yadda za a yi ya ce wa tsohuwa ta tashi. Ya tattara babbar rigarsa ya cusa kansa a bencin gaba, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Sauran suka bi sahu. Sai ga dattawan unguwa a jere suna fuskantar Goggo. Shi aji kuwa yana da tasa al'adar, ba ka iya kauce mata. Duk wanda zai yi magana sai idonsa ya tafi kan wanda ke gaban allo. Wani tsohon direba da ke kwamitin har hannu ya ɗaga kafin ya yi magana, Goggo ta ce, "Bismillah." Alhaji ya yi gyaran murya ya tunatar da jama'a cewa shi ne shugaba. Goggo ta ce, "Me ya ce?"

A ranar ne Babana ya karanta saƙon injiniya. Abin da aka ware bana layi ɗaya kawai zai yi, kwamiti ya zaɓa, ɗayan sai wata shekarar. Nan take maza suka rabu gida biyu. Alhaji da Babana da mai kanti suka ce layin gaba, domin shi ne fuskar unguwa, shi baƙo ke gani. Malamin Islamiyya da direba da wani tela, waɗanda duk a baya suke zaune, suka ce fuska ba ta kwana cikin ruwa. Uku da uku. Sai a hankali kawuna suka fara juyowa wajenmu, kamar yau suka fara ganinmu. Alhaji ya ce a ɗage ƙuri'a zuwa zama na gaba don kowa ya yi nazari. Ya yunƙura zai tashi, benci da tebur suka tashi tare da shi. Sai da tela da direba, abokan hamayyarsa, suka riƙe bencin ya zare kansa.

Makon da ya biyo baya ban taɓa ganin daraja irin tasa ba. Alhaji, wanda a da hannu kawai yake ɗaga wa Sista daga cikin mota, ya tsaya ya sauke gilashi yana tambayar lafiyar 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Iyalinsa suka gano cewa duk Kano babu man gyaɗa kamar na Goggo. Mutanen layin baya su ma suka kamu da son ƙuli-ƙuli. Goggo ta sayar wa kowa, ta yi wa kowa addu'a, ba ta yi wa kowa alkawari ba. Telan nan akwai atamfata a wajensa tun kafin sallar da ta wuce, kullum sai ya ce gobe. Ranar Talata ya kawo ta da kansa, a goge. Babana ya fara tambayata ko na gaji da aiki, wata rana har da ƙunshin balangu.

Na ga lokacin kalmomina ya yi. Na kira taron mata a falon Sista. Na miƙe tsaye na yi jawabi. Na ce tarihi ya ba mu dama, na ce mata su ne suka fi sanin zafin ambaliya, na ce dole mu yi magana da murya ɗaya. Na zauna ina jiran tafi.

Goggo ta ce, "Layin gaba."

Na ce, "Goggo, amma mata da yaran layin baya fa?"

"Ni namiji ce? Katangata ta jiƙe har ta fara zuba. Masu sayen maina sai sun cire takalmi kafin su iso ƙofata."

Sista ta ce, "Hajiya, ki ji tsoron Allah. Duk damina yaran layinmu ne a asibiti, wannan zazzaɓi, wannan gudawa. Ke taɓo kike kuka da shi."

"Ni na ce wa maigidanki ya sayi fili a rami?"

"Albashin ma'aikacin jirgin ƙasa ramin kawai ya iya saye."

Sun fi shekara talatin suna ƙawance, kuma haka suke magana ko a gidan biki, amma ranar babu wadda ta sassauta. Goggo ta shanye shayinta, ta tambayi Sista maganin gwiwar da ta ce za ta ba ta, ta karɓa, ta yi mana sallama.

Na zauna kamar zan yi kuka. Na ce wa Sista ni na ɗauka in mata suka shiga za a daina son kai. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Malama, cewa aka yi a sa mata a kwamiti. Ba a ce a sa mala'iku ba. Alhaji yana kare shagonsa ba ki ji kunya ba, sai Hajiya ta kare nata?"

Lissafi ya fito fili. Goggo ta koma wajen su Alhaji, sun zama huɗu. Sista tana tare da 'yan baya, su ma huɗu. Saura ni.

Babana bai taɓa ce mini ga abin da zan zaɓa ba. Sai dai in muna zaune ya riƙa yi wa rediyo nasiha, yana cewa ɗa na gari ba ya kunyata mahaifinsa a cikin mutane. Ana cikin haka aka yi wani ruwa mai ƙarfi. Washegari yara da yawa ba su zo ajina ba, da aka tashi sai na bi ta layin baya. Mahaifiyar wata ɗalibata ta kira ni ciki ta nuna mini inda ruwa ya tsaya a jikin bango, ya wuce gwiwata. Garin tuwonsu ya zama kunu a cikin buhu. Ba ta roƙe ni komai ba, ta dai ba ni haƙuri a kan yarinyar ba ta zo ba. Na fito na san inda ƙuri'ata za ta. Abin da ban sani ba shi ne yadda zan ɗaga hannu Babana yana kallona daga bencin aji ɗaya.

Ranar ƙuri'a na kawo shawara a yi ta a asirce, na ce haka ake yi a duk inda aka ci gaba. Sista ta yi mini wani kallo na tausayi. Sai da aka amince sannan na gane abin da take nufi: kowa ya riga ya faɗi matsayinsa, in aka ƙirga aka ga biyar da huɗu, babu wani asiri, kamar na rubuta sunana a allo ne. Kuma lissafi nake koyarwa.

Tunda Goggo ba ta yi boko ba, aka bar maganar takarda. Malamin Islamiyya ya zaro dabino daga aljihu ya raba, kowa ya ci ya riƙe ƙwallon. Aka ajiye gwangwanin madara biyu a bayan ƙofar aji, na dama layin gaba, na hagu layin baya. Ɗaya bayan ɗaya muka riƙa zuwa. Alhaji wannan karon a bakin benci ya ɗosana, ya tashi lafiya. Ni na sa ƙwallona a hagu a hankali don kada ya yi ƙara.

Hedimasta, wanda aka gayyato a matsayin ɗan ba-ruwanmu, ya juye gwangwanayen a kan tebur. Layin gaba uku. Layin baya shida.

Ya sake ƙirgawa. Shida ne.

Alhaji ya dubi Babana. Babana ya dubi mai kanti. Mai kanti ya rantse ba a tambaye shi ba. Ni kuwa wani sanyi ya sauko mini, don yanzu ba mai iya cewa komai a kaina: ko dai ni ce da mutum ɗaya daga cikinsu, ko kuma biyu ne daga cikinsu ban da ni. Ƙarshe duk ido ya koma kan Goggo.

Alhaji ya ce, "Hajiya, a wanne kika sa?"

"A na dama."

"To madalla."

"Amma dama ta wa? Tawa ko ta gwangwanin?"

Alhaji ya ce a gaskiya akwai ruɗani, a sake. Malamin Islamiyya ya ce abin da Allah ya hukunta ya riga ya faru. Goggo ta ce ita dai gwiwarta ba za ta sake tashi ba yau, wanda yake son a sake ya ɗauke ta. Babana ya buɗe littafinsa ya rubuta sakamakon ba tare da ya ɗago ba. Kafin a tashi Sista ta ce tana da ƙari ɗaya: a sa wa injiniya sharaɗin ya yi murfin kankare mai faɗi a kowace ƙofa, domin ta ga unguwannin da aka haƙa kwata aka bar mai ciki tana tsallake a kan katako. Maza suka ce wannan gaskiya ne, ba su dai yi tunaninsa ba. Shi kaɗai ne abin da aka amince da shi ba gardama.

Har yau ban san wanda ya sauya ba. Ban tambayi Babana ba, shi ma bai tambaye ni ba. Umma na taɓa tambaya ko ta san wani abu, muna zaune mu uku a tsakar gida. Ta ce, "Ni ina ruwana. Ai ba a rubuta sunana ba." Yadda ta faɗe shi ya sa Babana ya rage muryar rediyo. Ya ce haba, ai ita ce shugabar gidan nan gaba ɗaya, me za ta yi da kwamitin kwata. Ta ce, "Shugabar tukunya dai." Ta tashi ta shiga ɗaki. Ashe tun ranar da Goggo ta zo da maganar abin yana ranta.

Da aka fara aiki, Goggo, wadda ta ce an kayar da ita, ta naɗa kanta mai sa ido. Kullum sai ta sa a kai mata kujera da lema layin baya ta zauna. Ba ta san komai game da siminti ba, amma wannan bai hana ta ba. In kwaɓin ya yi mata fari ta ce an yi ha'inci, in ya yi duhu ta ce an ɓata kaya. Ɗan kwangilar da farko yana yi mata bayani, daga baya ya koyi cewa "To, Hajiya" ya ci gaba da abin da yake yi. Leburori suna tsoronta, suna kuma sayen ƙuli-ƙulinta. Ko saboda ita ne ko ba saboda ita ba, an gama aikin, kuma daminar da ta biyo baya katifun layin baya a ƙasa suka kwana.

Bayan an gama Alhaji ya yi jawabin godiya ga iyayenmu mata, ya ce sun yi ƙoƙari, yanzu sai su huta, kwamiti zai koma ƙarƙashin dalbejiya. Babana ya yi tari ya tuna masa cewa layin gaba yana nan ba a yi ba, kuma tsarin bai canza ba. Alhaji ya ce shi dama gwada mu yake yi. Sai dai ya sa aka kawo masa kujerar roba daga gida.

Abin da ba wanda ya yi tsammani shi ne matan unguwa sun gano suna da wakilai. Gidan Goggo ya zama ofis. Wannan ta zo da maganar bola, waccan da maganar samarin da ke zama a ƙofarta, wata da maganar fitilar layi da ta mutu. Da farko tana jin daɗi, tana cewa za ta sa a duba. Da abin ya yi yawa, ba a kuma duba ba, sai aka fara cewa ta shiga ta manta da mutane. Akwai ranar da na same ta a ɗakin Umma a kwance, ta ce in an zo nemanta a ce ta tafi Tarauni taro.

Da wa'adin kwamiti ya cika, matan suka aiko wa Alhaji cewa wannan karon ba sakatare ne zai zaɓar musu ba. Aka sa rana a makaranta. Mata suka cika aji har taga. Sista ta ce ita ta yi nata, ta janye. Ni ma na janye, don an sa ranar aurena kuma zan bar unguwar. Kujera uku, masu nema sun fi bakwai. Ina cikin jera gwangwanaye sai na ga Umma ta shigo da sabon mayafi. Babana ne ya rako ta har bakin get, ya tsaya yana duba katangar makaranta kamar an aiko shi ya auna ta. Aka ce wa ke neman kujerar layin gaba, Goggo ta ɗaga sanda. Umma ta ɗaga hannu.

Goggo ta yi kamfe da ƙuli-ƙuli, kowa ya ci. Umma jimla biyu kawai ta yi, ta ce ita ba ta iya alkawari ba, amma duk wadda ta zo nemanta za ta same ta a gida. Aka yi dariya, ban da Goggo. Da aka juye gwangwanaye Umma ta yi nasara da rata mai yawa.

Goggo ta ce maguɗi ne. Ta ce matar da ita da kanta ta kai lefenta, ita ce yau za ta yi mata juyin mulki. Ta daina shiga gidanmu na wani lokaci, amma ba ta daina aiko da mai ba, sai dai ta ƙara masa kuɗi. Babana ya je ba ta haƙuri, ta ce duk shi ya ja, tunda shi ya fara kai sunanta. Shi kuwa ya shiga wani sabon hali, don a taro dole ya rubuta abin da matarsa ta faɗa, kuma in ya karanta a zama na gaba takan ce ba haka ta ce ba, a gyara.

Kwanakin baya na je unguwar gaishe su. Layin gaba har yanzu ana jiran injiniya. Goggo ta tsufa sosai, jikarta ce ke auna mai, ita tana zaune a ƙofar gida tana lura da wanda ya zuba shara a kwata. Na durƙusa na gaishe ta. Ta tambayi maigidana da yara, sannan ta jawo ni kusa, a ganinta raɗa za ta yi, ta ce da muryar da aka ji har shagon mai kanti, "Yaushe ne zaɓe? Ki gaya wa uwarki ina nan tafe."